Kashi 210 a Amurka, 552 a Rasha, 4 a Poland: me ya kashe wasan barkwancin gidan Roman?

Ranar Juma'a, 2 ga Satumban 2011, tashar TVN, ɗaya daga cikin manyan gidajen talabijin masu zaman kansu a ƙasar Poland, ta fara nuna wani sabon wasan barkwanci mai suna Wszyscy kochają Romana, wato "Kowa Na Son Roman". Labarin wani magidanci ne da matarsa da 'ya'yansu, da iyayensa da ke zaune dab da su har ba sa barin gidan ya sarara, da kuma ɗan'uwansa da ke ganin tun suna yara Roman ne ɗan lelen gida. Kafin watan ya ƙare an janye shirin daga jadawali. Kashi huɗu kacal aka nuna kafin a dakatar da shi, saboda masu kallonsa ba su kai miliyan 2 ba a mako, a ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 38.

Da a ce sabon labari ne da aka gwada bai karɓu ba, da babu abin tambaya. Abin da ke ɗaure kai shi ne an riga an gwada labarin a wasu wurare, kuma ya ci kasuwa. Asalinsa shirin Amurka ne, Everybody Loves Raymond, wanda tashar CBS ta nuna daga 1996 zuwa 2005, zango 9, kashi 210, ya kuma kwashi lambobin yabo na Emmy har 15. Mutanen Rasha sun sake yin sa da harshensu da sunan Voroniny, ya yi shekara goma a tashar STS, daga 2009 zuwa 2019, ya kai kashi 552, har ya shiga kundin bajinta na Guinness. Ƙashin bayan labarin ɗaya ne, uwar mijin ɗaya ce, rigimar gidan ɗaya ce. To me ya sa ya mutu a Poland cikin mako huɗu?

Amsar tana cikin yadda ake cinikin shirye-shirye tsakanin ƙasashe, da yadda ake ƙirga masu kallo, da kuma abin da dariya kanta take buƙata kafin ta kama gida.

Me ake saya idan an ce an sayi shiri?

Irin wannan wasa ana kiransa sitkom. Gajeren wasan ban dariya ne, kowane kashi minti ashirin da 'yan kai, mutanen cikinsa ba sa canzawa, wurin ma ba ya canzawa: falo, kicin, wani lokaci wurin aiki. Rigima za ta tashi a farkon kashi, ta lafa a ƙarshensa, mako mai zuwa a dawo kamar ba a yi ba. Yawanci ana ɗaukarsa a gaban 'yan kallo na gaske, ko kuma a liƙa masa sautin dariya daga baya.

Hanya biyu ce tashar wata ƙasa ke bi idan tana son shirin waje. Ta farko, ta sayi shirin yadda yake, ta fassara. A Poland suna da wata al'ada ta musamman a nan: ba su cika sauya muryoyin 'yan wasa ba a shirye-shiryen manya, kuma ba su dogara ga rubutun ƙasan allo ba. Mutum ɗaya ne, galibi namiji, da suke kira lektor, yake karanta maganar kowa da murya ɗaya wadda ba ta hawa ba ta sauka, ana jin muryoyin asali ƙasa-ƙasa a bayansa. Wanda ya saba kallon fina-finan Indiya da aka fassara da Hausa zai gane kamannin, sai dai mai fassararmu yakan shiga cikin wasan ya ƙara gishiri, shi kuwa lektor aikinsa ya ɓace, a manta da shi.

Hanya ta biyu ita ce sayen abin da ake kira fomat, wato lasisin sake yin shirin daga tushe da 'yan wasan gida. Mai saye yana samun rubutattun labaran duka, da bayanin halin kowane mutum a wasan, da zanen yadda za a gina ɗakunan, sau da yawa har da mai ba da shawara da kamfanin asali zai turo ya zauna a wurin ɗauka. Shi kuma zai biya kuɗi a kan kowane kashi, ya kuma yarda cewa ba zai yi babban sauyi ba sai da amincewar masu shiri. Nan ne bambancinsa da abin da 'yan fim ɗin Hausa ke kira wankiya, inda ake ɗauko labarin wani fim a juya shi ba tare da an nemi izini ko an biya ba. Fomat ciniki ne na lauyoyi, da takarda da sa hannu.

Abin da tashar ke saya a zahiri shi ne ragin kasada. Rubuta sabon wasan barkwanci na da tsada kuma yawancinsu ba sa kai labari. Wanda ya riga ya sa miliyoyin mutane dariya shekara tara ana ɗaukarsa kamar irin da aka shuka ya yi kyau a gonar maƙwabci.

Yadda Poland ta shiga wannan kasuwa

Wasan barkwancin iyali ba baƙo ba ne a Poland. A zamanin mulkin gurguzu, lokacin da talabijin ɗin gwamnati ne kaɗai, an yi Wojna domowa, "Yaƙin Gida", a 1965 da 1966, kashi 15 a kan saɓanin iyaye da 'ya'yansu matasa. Daraktansa, Jerzy Gruza, ya sake yin Czterdziestolatek, "Ɗan Shekara Arba'in", a tsakiyar shekarun 1970, labarin wani injiniya mai suna Stefan Karwowski da iyalinsa. Sai Alternatywy 4 na Stanisław Bareja, kashi 9 a kan mazauna wani dogon bene a Warsaw, wanda aka kammala a 1983 amma masu tace shirye-shirye suka riƙe shi har 1986. Duk gajeru ne, kuma har yau ana maimaita su. Gajartarsu daga tsari ne: an rubuta su don su ƙare a nan, babu mai talla da ke jiran alƙaluma.

Bayan faɗuwar gurguzu a 1989 lissafi ya sauya. Tashar Polsat ta fara aiki a ƙarshen 1992, TVN ta biyo baya a watan Oktoban 1997. Tashoshi ne da ke rayuwa da kuɗin talla, ga sa'o'i masu yawa da za a cike, ga kuma dokar yaɗa labarai da ta wajabta aƙalla kashi 33 cikin ɗari na lokacin shirye-shirye ya zama abin da aka shirya tun asali da harshen ƙasar. Shirin Amurka da lektor ya karanta ba ya shiga wannan lissafi. Shirin da aka sake yi da 'yan wasan Poland kuwa yana shiga, ko da labarin daga New York ya fito. Wannan doka na cikin abubuwan da suka sa fomat ya yi farin jini.

Kuma an ci riba da shi. A 1998 Polsat ta kawo Miodowe lata, wanda aka ɗauko daga tsohon shirin Amurka na shekarun 1950, The Honeymooners. Direban bas na Brooklyn ya koma Karol Krawczyk, direban taragon cikin gari a unguwar Wola ta Warsaw, abokinsa Tadeusz Norek kuma ma'aikacin magudanar ruwa. Cezary Żak da Artur Barciś suka fito a matsayinsu, ana ɗauka a dandalin wasan kwaikwayo gaban jama'a, aka yi ta yi har 2003. Ita ma TVN ta samu nata rabon da Niania, wanda aka ɗauko daga shirin Amurka The Nanny, daga 2005 zuwa 2009, inda mai renon yara ta unguwar Queens ta zama Frania Maj 'yar unguwar Praga, ɓangaren Warsaw da aka sani da talakawa masu kaifin baki. A gefe guda kuma akwai na gida tsantsa, Świat według Kiepskich, labarin Ferdek marar aikin yi da matarsa Halina ma'aikaciyar jinya, a wani tsohon gidan haya a birnin Wrocław inda maƙwabta ke rigima a kan banɗaki ɗaya da ke baranda. Ya fara a 1999, bai tsaya ba sai 2022.

Saboda haka a 2011, lokacin da TVN ta ɗauko labarin Raymond, hanyar da ta saba bi ta bi. Ta sa Bartłomiej Kasprzykowski a matsayin Roman, Aneta Todorczuk-Perchuć matarsa, Joachim Lamża mahaifinsa. Uwar kuwa aka ba Anna Seniuk, wadda duk ƙasar ta sani tun tana matar injiniya Karwowski a shekarun 1970. A takarda babu abin da ya rage.

Ɗan akwatin da ke yanke hukunci

Idan aka ce mutum ƙasa da miliyan 2 suka kalli shiri, ba wanda ya bi gida-gida ya ƙirga. Kamfanin Nielsen ne ke auna masu kallo a Poland. Yakan zaɓi wasu gidaje, waɗanda a wancan lokacin ba su wuce dubu biyu ba, a birni da ƙauye, masu hali da marasa hali, yadda za su wakilci ƙasar. A kowane gida ana haɗa wa talabijin wani ɗan akwati, da rimot mai maɓalli ɗaya ga kowane ɗan gida. Uba ya zauna kallo, ya danna nasa. 'Yarsa ta tashi ta shiga ɗaki, ta danna nata ta fita daga lissafi. Cikin dare akwatin ya aika bayanan, da safe shugabannin tashoshi da kamfanonin talla su tarar da alƙaluman jiya minti bayan minti: a ina mutane suka shigo, a wace barkwanci suka sauya tasha.

Abu biyu ake dubawa. Na farko yawan mutanen da suka kalla. Na biyu kason da shirin ya samu cikin waɗanda talabijin ɗinsu ke kunne a wannan sa'a. Shiri zai iya samun miliyan ɗaya da rana a yi murna, ya samu miliyan biyu da ƙarfe takwas na dare a kira taron gaggawa, don a wannan lokacin ne kowa ke gida kuma a lokacin ne talla ta fi tsada. Don a ga girman kasuwar: wasan M jak miłość na tashar gwamnati TVP2 ya taɓa haura masu kallo miliyan 12 a 2005.

Akwai kuma wani abu da mai kallo bai cika sani ba. Masu talla ba kowa suke saya ba. Rukunin da aka fi ciniki a kansa a Poland a wancan zamani shi ne 'yan shekara 16 zuwa 49, waɗanda ake ganin su ke kashe kuɗi kuma ana iya sauya musu ra'ayi kan sabulu ko layin waya. TVN musamman ta gina sunanta a kan matasan manyan birane. Tsohuwa 'yar shekara 65 da ke kyalkyala dariya a gaban Anna Seniuk tana cikin jimillar masu kallo, amma ba ta cikin abin da aka sayar wa mai talla. Wasan da ƙarfinsa ke wajen surukai da tsofaffi na iya faɗawa wannan rami tun kafin a tantance kyansa.

Yadda cinikin yake, mai talla yana biyan adadin idanun da aka yi masa alkawari. A misali, idan tasha ta ce mutum goma cikin kowane ɗari na rukunin za su ga tallar, sai shida suka gani, dole ta cike gibin da ƙarin lokacin talla a wani wuri. Lokacin kuma ƙayyadadde ne, domin doka a lokacin ba ta yarda talla ta wuce minti 12 a cikin sa'a ba. Ga shi kuma shirin da ya yi rauni yana jan na bayansa ƙasa, tunda wanda ya sauya tasha da ƙarfe takwas ba lalle ya dawo da tara ba. Tashoshin Poland suna fitar da sabon jadawali, wanda suke kira ramówka, sau biyu a shekara, farkon bazara da kuma watan Satumba, kuma watannin kaka zuwa Kirsimeti su ne kakar talla. Roman ya fito a makon farko na wannan kaka. Kowace Juma'a da ya rage a jadawali asara ce da ake iya lissafawa da zloti, kuɗin Poland.

To laifin wa?

Duk lokacin da shirin fomat ya faɗi, bayani iri uku ake kawowa, kuma kowanne na da inda ya yi gaskiya da inda ya gaza.

Na farko shi ne na al'ada. Masu wannan fahimta na cewa dariyar Raymond ta ginu ne a kan abin da Ba'amurke ke gani baƙon abu: namiji ya yi aure, ya haihu, amma iyayensa na tsallaken titi, uwarsa na faɗowa gidan ba sallama da kwanon abinci a hannu, tana duba ƙura a kan teburin surukarta. A Amurka, inda ake sa ran ɗa ya yi nisa da gida, wannan kaɗai abin dariya ne. A Poland kuwa kaka ce ke renon jikoki a gidaje da yawa, ƙarancin muhalli ya daɗe yana haɗa zuriya uku a gida ɗaya, har ranar kaka mace ake yi a 21 ga Janairu, ta kaka namiji washegari. Abin da ya zama ruwan dare ba ya ba da mamaki. Mai karatun da ya tashi a gidan gandu, inda uwar miji ke sashe ɗaya da matan 'ya'yanta, zai ga ma'anar wannan magana nan take.

Sai dai Rasha ta rushe rabin wannan hujja. Can ma kaka na tsakiyar rayuwar iyali, can ma an san matsin muhalli, amma shirin ya yi shekara goma. Abin da suka yi shi ne sun kwashe iyalin daga gidajen bayan gari irin na Amurka, suka zuba su a dogon bene a Mosko, iyaye a ƙofar da ke kusa da ta ɗansu. Masar ma ta yi nata a 2011 da suna El Bab Fil Bab, ƙofa a jikin ƙofa, Indiya ta yi Sumit Sambhal Lega a 2015. Kusancin suruka bai hana dariya ba a waɗannan wurare. Mai yiwuwa ma shi ya kawo ta, don mutum ya fi dariya idan ya ga gidansu a allo.

Abin da ya fi kusa da gaskiya a nan shi ne barkwancin da ke cikin shiri ɗaya ba duka ke iya tafiya ba. A kashin farko na Raymond, ya yi wa iyayensa rajistar wani kamfani da ke aiko da kwalin 'ya'yan itace ta gidan waya kowane wata. Kwalin farko ya iso, uwar ta ji cewa haka za a yi ta kawowa har shekara, sai hankalinta ya tashi kamar an aiko mata da sammaci: ina za ta kai wannan kaya, me ta yi masa da zai yi mata haka? Wannan dariya na buƙatar mai kallo ya san irin wannan kamfani, abin da ba kowace ƙasa ke da shi ba. Amma akwai wani kashi da miji da mata suka dawo daga tafiya, aka ajiye akwatin kaya a kan matakala, kowa na jiran ɗayan ya ɗauke. Kwanaki suka zama makonni, kowa na raɓa shi ya wuce kamar bai gani ba, har mijin ya cusa cuku mai wari a ciki don ya tilasta mata. Wannan ba ya buƙatar fassara a ko'ina aka yi aure. Aikin mai juya fomat shi ne ya rarrabe waɗannan biyun, ya riƙe na biyu, ya ƙirƙiro wa na farko madadi daga rayuwar mutanensa. Masu Miodowe lata da Niania sun yi haka tun daga unguwar da suka zaɓa.

Wanda ya ƙirƙiri shirin, Philip Rosenthal, ya nuna wahalar wannan aiki a fim ɗinsa na gaskiya, Exporting Raymond, na 2010, wanda ya ɗauka lokacin da ya je Mosko taimaka wa masu Voroniny. A ciki an ga yana jayayya da mai kula da sutura, wadda ke son matar gida ta fito cikin kwalliyar zuwa biki alhali tana share-share. Shi yana son abin ya yi kama da gidan kowa, su suna ganin mai kallonsu ya gaji da gidan kowa, kyalkyali yake so. Jayayyar ta nuna cewa ko a inda aka yi nasara, sai da aka ja daga kafin a daidaita.

Bayani na biyu yana ɗora laifin a kan gaggawar tasha, kuma tarihin shirin kansa na goyon bayansa. Raymond na asali ma daren Juma'a aka fara sa shi a Satumban 1996, daren da mutane ke fita, kuma alƙalumansa sun yi ƙasa sosai. CBS ba ta kashe shi ba. A watan Maris na 1997 ta mayar da shi daren Litinin, daga nan ya fara hawa har ya zama cikin manyan shirye-shiryen ƙasar. Sitkom irin wannan ba ya tashi da wuri, domin dariyarsa daga sabo take fitowa. Sai ka san halin uwar sarai kafin ɗaga girarta kaɗai ya sa ka dariya. Su ma 'yan wasa sai sun yi makonni tare kafin su san numfashin juna. A kashi na huɗu, mai kallo bai gama riƙe sunayen 'yan gidan ba.

Bayani na uku shi ne na tashar, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. CBS ta 1996 tana neman abin da zai farfaɗo da ita, tana kuma da kaso a shirin, idan ya yi tsawon rai za ta ci ribar sayar da shi shekaru masu yawa. TVN kuwa haya ta ɗauko. Tana biyan lasisi, tana biyan kuɗin ɗauka, ribar dogon zango kuma rabonta a ciki kaɗan ne, kasuwarta ma ba ta wuce masu jin harshen Poland ba. A 2011 kuma tashoshin kebul da na tauraron ɗan'adam sun yawaita, intanet na jan matasa, mai kallo na da wurin gudu fiye da na 1996. Wanda ke da tsohon shiri a ajiye da ya tabbata zai kawo alƙaluma mafi kyau a wannan sa'a, da wuya ya jira wata shida yana fatan sabo.

Idan aka auna ukun, na al'ada shi ne mafi rauni in an tsaya a kansa shi kaɗai, domin a shekarar 2011 ɗin nan ce TVP2 ta fara Rodzinka.pl, wanda shi ma fomat ne daga yankin Quebec na Kanada, labarin mata da miji da 'ya'yansu maza uku, da Małgorzata Kożuchowska da Tomasz Karolak, kuma ya yi ta gudana har 2020. 'Yan Poland ba su gaji da wasan iyali ba, ba su kuma ƙi na aro ba. Abin da alƙaluman mako huɗu suka tabbatar shi ne mutane kaɗan ne suka zauna wa Roman a daren Juma'a. Ko da shirin zai gyaru a kashi na ashirin, wannan tambaya ce da tsarin bai ba da damar amsa ta ba.

Wa ke ɗaukar asarar?

Mai kallo shi ne na farko, ko da yake tasa asarar ba ta kuɗi ba ce. Mutum fiye da miliyan ɗaya ba ƙaramin taro ba ne, ya fi yawan mazauna Kraków, birni na biyu a ƙasar. An ɗauke musu abin da suka fara sabawa da shi ba tare da an tambaye su ba. Idan hakan ya yawaita, mutane kan koyi jira su ga ko sabon shiri zai rayu kafin su ba shi lokacinsu, wannan jiran kuma shi ke ƙara kashe sababbin shirye-shirye a makonnin farko. Waɗanda suka haura shekara 50 su suka fi cutuwa, su ne suka fi zama gaban talabijin, su ne kuma ra'ayinsu ya fi rashin nauyi a teburin masu talla.

Sai ma'aikata. Yawancin 'yan wasa da masu ɗaukar hoto da masu haske da masu kwalliya a Poland ba albashin wata suke karɓa ba, kwangilar aiki ce, ana biya gwargwadon ranakun ɗauka. Sitkom mai rai na nufin aikin shekaru ga mutum gommai. Bayan haka akwai kuɗin maimaici, wanda suke kira tantiemy, da ake biyan marubuta da daraktoci da 'yan wasa idan an sake nuna aikinsu. Arzikin sitkom yana cikin maimaici ne, a riƙa sa shi kullum da yamma shekara da shekaru, kuma hakan na buƙatar kashi da yawa. Shirin da aka katse tun yana jariri ba ya samun wannan rayuwa ta biyu yadda ya kamata.

Ga marubutan gida kuwa lamarin na da fuska biyu. Masu sukar fomat na cewa duk sa'ar da aka ba labarin aro an hana ta wani sabon Bareja, an mayar da marubuci tafinta. Masu kare shi na nuna Rasha: bayan labaran asali 210 sun ƙare, marubutan can ne suka ci gaba da ƙirƙiro sauran fiye da 300 da kansu, sun koyi sana'ar a kan aikin wani sannan suka mallake ta. A Poland, da aka tsaya a huɗu, ba a kai ga wannan mataki ba.

Kasuwar ta sauya sosai tun daga lokacin. Poland ta kammala komawa talabijin na dijital a 2013, tashoshin kyauta suka ƙaru, masu kallo suka warwatse, har adadin da aka kashe Roman saboda shi ya zama abin da tashoshi da dama za su yi maraba da shi a yau. Netflix ya shiga ƙasar a 2016. Tun 2020 ana karɓar kashi 1.5 cikin ɗari na kuɗin shigar masu nuna fina-finai ta intanet ana ba cibiyar fina-finai ta ƙasa. A watan Satumban 2024 kuma gyaran dokar haƙƙin mallaka ya fara aiki, bayan matsin lamba daga 'yan fim, wanda ya ba marubuta da daraktoci da 'yan wasa haƙƙin karɓar tantiemy idan an nuna aikinsu ta intanet, abin da a da sai a talabijin da silima da makamantansu ake biya.

Wannan doka na iya taimaka wa gajerun shirye-shirye fiye da kowa, tunda a intanet babu daren Juma'a, kuma shiri mai kashi kaɗan na iya zama a rumbu ya samu masu kallonsa a hankali. Amma sai shirin yana rumbun tukuna. Ga wanda aka yi da lasisin waje, sa shi a intanet ya danganta da abin da kwangilar fomat ta ƙunsa da kuma ko tashar na ganin sabunta ta zai biya kuɗinsa, shawarar da ake yankewa tsakanin tashar da masu shirin na asali a Amurka, ba tare da 'yan wasan da suka fito a ciki ba.